Inshorar mota ga direban da haɗari ya ɓata wa suna: Ina mafita a Fagge da Sabon Gari?

Tun daga ranar 1 ga Fabrairun 2025, lokacin da Rundunar 'Yan Sandan Najeriya, a ƙarƙashin Sufeto-Janar Kayode Egbetokun, ta fara tilasta wa masu ababen hawa mallakar inshora a faɗin ƙasar nan, takardar da a da ake cusawa cikin aljihun mota a manta da ita ta zama abin tattaunawa a tashoshi da garejin kanikawa. Hukuncin da aka sanar a lokacin ba ƙarami ba ne: tarar Naira 250,000, ko ɗaurin shekara ɗaya, ko duka biyun.

A Ƙaramar Hukumar Fagge, inda Kantin Kwari da Kasuwar Singa da Kasuwar Sabon Gari suke kusa da juna, wannan magana ta shafi kusan kowane gida. Duk wanda ya saba bin Titin Ibrahim Taiwo da hantsi, ko ya ratsa Bata zuwa 'Yan Kura da yamma, ya san yadda tirela da a-daidaita-sahu da baro da motar gida suke gogayya a kan taku ɗaya na kwalta. Motar da ta shekara a wannan yanki ba tare da ƙwarzane ko fashewar fitila ba, mai ita ya cancanci a taya shi murna.

Tambayar da ba a cika yi a fili ba ita ce: mutumin da ya sha yin haɗari, ko ya karɓi diyya sau biyu ko uku a cikin ɗan lokaci, ko kamfaninsa ya ƙi sabunta masa yarjejeniya, ina zai nufa? Amsar ta dogara ne a kan irin inshorar da yake nema, domin dokar Najeriya ba ta ɗauki nau'o'in a matsayi ɗaya ba.

Inshorar dole ba ta duba tarihin direba

Nau'in farko shi ne inshorar dole, wadda ke biyan wanda ka yi wa ɓarna, ba kai ba. Asalinta tsohuwar doka ce ta 1945 da ta fara aiki a 1950, tun zamanin mulkin mallaka. Idan ka buge motar wani, ko ka rushe masa katanga, ko ka ji masa rauni, kamfanin ne zai tsaya a madadinka. Motarka kuwa, gyaranta yana wuyanka.

Farashin wannan inshora ba a hannun kamfani yake ba. Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, NAICOM, wadda aka kafa a 1997, ita ce ke ƙayyade shi bisa nau'in abin hawa. A sanarwar da ta fitar a Disambar 2022, wadda ta fara aiki a ranar 1 ga Janairun 2023, ta ɗaga kuɗin motar gida daga Naira 5,000 zuwa Naira 15,000 a shekara, ta kuma ɗaga iyakar diyyar dukiyar da aka lalata daga Naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Mai a-daidaita-sahu zai biya Naira 5,000 a kare shi har zuwa miliyan 2, mai babur Naira 3,000 har zuwa miliyan 1. Motar da ɗan kasuwa ke ɗaukar kayansa da ita Naira 20,000 ce, manyan motocin dakon kaya kuma Naira 100,000, dukansu da iyakar miliyan 5. Iyakokin nan na dukiya ne kawai. Rauni da rasa rai ba a sa musu irin wannan iyaka ba.

Abin lura a nan shi ne babu gurbin tarihin direba a cikin wannan jadawali. Wanda ya yi shekara ashirin bai taɓa gogar kowa ba, da wanda kanikawan Sabon Gari suka haddace lambar motarsa saboda yawan zuwa, kuɗi ɗaya za su biya. A aikace ma, mai sayen wannan inshora ta intanet ko ta hannun wakili, abin da ake nema a wurinsa shi ne sunansa da lambar mota da lambar jikinta da ta inji.

Ana iya yi wa wannan tsari kallo biyu. Yana da kyau ta fuskar cewa ba a rufe wa kowa ƙofa ba, kuma wanda direba mai ganganci ya kaɗe yana da inda zai nemi haƙƙinsa. Amma akwai rashin adalci a ɓoye a cikinsa, domin mai kiyayewa ne ke ɗauke wa mai sakaci nauyi, kuma babu wani abu a cikin farashin da zai sa mai sakacin ya shiga taitayinsa.

Wasu ƙasashen sun bi wata hanya dabam. A Faransa, duk shekarar da direba ya kammala ba tare da haɗarin da yake da laifi a ciki ba, ana rage masa kashi 5 cikin 100, har kuɗinsa ya koma rabi. Duk haɗarin da laifinsa ne kuma ana ƙara masa kashi 25 cikin 100, har ya iya kaiwa ninki uku da rabi. Idan kamfanoni suka guje shi, akwai ofishi na musamman da ke yanke farashi ya tilasta wa kamfani ya karɓe shi. A Ingila kuma akwai rumbun bayanai na bai-ɗaya da ke ajiye labarin haɗurran da aka kai wa kamfanoni rahoto na tsawon shekara shida, ko da ba a biya diyya ba. A Amurka jihohi na da tsarin rarraba direbobin da aka ƙi a tsakanin kamfanoni, kowa ya ɗauki rabonsa. Mai mummunan tarihi a Kano ba ya cikin irin wannan ƙunci idan inshorar dole kaɗai yake nema.

Inda tarihi yake cizo

Labari yana sauyawa ne a kan cikakkiyar inshora, wadda ke biyan gyaran motarka, da sata, da gobara, haɗe da haƙƙin wanda ka yi wa ɓarna. A nan NAICOM ƙasan farashi kawai ta sa: kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar bayan duk wani rangwame. Saman kuwa a buɗe yake, kuma babu dokar da ta ce dole kamfani ya sayar wa kowa.

A ɗauki misalin motar da darajarta ta kai Naira miliyan 10. Mafi ƙarancin abin da za a biya a shekara Naira 500,000 ne. Idan mai motar ya karɓi diyya sau biyu a shekarar da ta wuce, kamfani na iya cewa ba zai sabunta ba sai a kan kashi 7, wato Naira 700,000. Wannan misali ne kawai, domin kowane kamfani da ma'auninsa, amma haka lissafin yake tafiya.

Ƙarin kuɗi ba shi ne kaɗai makamin kamfani ba. Yana iya ɗaga kason da mai mota zai biya daga aljihunsa a kowane haɗari kafin kamfanin ya sa hannu. Yana iya sharɗanta cewa mutum ɗaya ko biyu da aka rubuta sunayensu ne kaɗai za su tuƙa motar. Yana iya neman a sa na'urar bibiya, ko a kawo motar a duba lafiyarta a ɗauki hotunanta kafin yarjejeniya ta fara aiki. Rangwamen da ake yi wa wanda bai nemi diyya ba shi ma yana zubewa. Idan abin ya yi ƙamari, sai kamfani ya ce a nemi wani wuri.

Masu motoci da yawa sun fi jin wannan a jikinsu. Ɗan kasuwar Singa da ke da motocin rarraba kaya guda biyar, ko mai bas-bas da ke lodi a tashar New Road zuwa Kudu, ba mota ɗaya-ɗaya ake auna masa ba. Kamfani zai haɗa abin da ya karɓa daga gare shi a shekarun baya da abin da ya biya shi. Idan ya biya miliyan 4 a shekara amma diyyar da ya karɓa ta kai miliyan 6, babu wata doguwar hulɗa ko sanayya da za ta hana farashi tashi. Kuma direba ɗaya mai gaggawa ya isa ya ɓata wa sauran huɗun lissafi.

Tsadar kayan gyara ta ƙara tsananta lamarin. Tun bayan da aka saki Naira a tsakiyar 2023, fitila da bamba da gilashin gaba, ko sababbi ko na Beljiyam, sun yi tashin gwauron zabo a Ƙofar Ruwa da shagunan Sabon Gari. Haɗarin da a da kamfani zai biya ba tare da ya waiwaya ba, yanzu yana iya cinye kuɗin inshorar shekara guda. Shi ya sa haƙurin kamfanoni da mai yawan neman diyya ya ragu.

Tarihin da ba ya kan takarda

Akwai wani abu game da Kano da duk mai nazarin wannan batu zai yi la'akari da shi. Mafi yawan ƙananan haɗurra a nan ba sa kaiwa ofishin kowa. Ana tsayawa a gefen titi, jama'a su taru, wani dattijo ya shiga tsakani, a ce "Allah Ya kiyaye gaba," ko a rankaya wurin mai gyaran jikin mota a yi ciniki. Wannan ɗabi'a ta sulhu da yafiya abin yabo ce, kuma ta kashe wutar rigingimu da dama. Sai dai sakamakonta shi ne direban da ya buge mutum goma ya sasanta a gefen hanya, a idon kamfani tarihinsa fari ne fes. Wanda kuwa ya bi ƙa'ida ya kai rahoto sau biyu, shi ne mai tabo.

Ɗaya ɓangaren tarihin yana hannun hukumomin hanya. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, tana da tsarin maki a kan laifukan tuƙi: tuƙin ganganci maki 10 ne, amsa waya ana tuƙi maki 4, kuma idan makin ya taru ana iya dakatar da lasisi ko a ƙwace shi. A cikin gari kuma akwai KAROTA, wadda gwamnatin Kano ta kafa a 2012, da jami'an VIO. Tarar da aka ci mutum ba ta ƙara masa kuɗin inshorar dole. Amma lasisi wani abu ne dabam: yarjejeniyar inshorar mota tana sharɗanta cewa mai tuƙi ya kasance yana da halattaccen lasisi. Wanda aka dakatar da lasisinsa ya ci gaba da tuƙi, ya bai wa kamfani hujjar juya masa baya a ranar da ya fi buƙatarsa.

Wannan ya shafi masu a-daidaita-sahu ƙwarai. Tun da aka hana acaɓa a Kano a Janairun 2013, keken ya zama jigon sufurin birni, kuma da yawa daga cikin masu shi ba su ne ke tuƙawa ba. Suna bayarwa ne a kawo musu balas, wani lokaci direban ma ya ba wa ƙaninsa ya yi 'yan sa'o'i da dare. Takarda da sunan mai keke, tuƙi a hannun yaron da ba shi da lasisi. Idan aka yi ɓarna, a ƙofar mai keken za a yi sallama.

Jarabar ɓoye gaskiya

Wanda aka ƙara wa kuɗi ko aka ƙi shi, abu na farko da zuciya ke raya masa shi ne ya koma wani kamfani ya yi shiru a kan abin da ya gabata. Wannan ita ce hanya mafi haɗari a cikin duk hanyoyin da ke gabansa.

An gina yarjejeniyar inshora a kan cikakkiyar gaskiya daga ɓangarorin biyu. Fom ɗin neman cikakkiyar inshora yakan tambayi ko mutum ya yi haɗari a 'yan shekarun baya, ko wani kamfani ya taɓa ƙin karɓarsa ko ya soke masa yarjejeniya, da kuma sunan kamfaninsa na baya. Tsohuwar dokar inshora ta 2003 ta ɗora wa kamfani nauyin tambayar duk abin da yake ganin muhimmi ne, abin da bai tambaya ba kuma ba za a ɗauke shi muhimmi ba. To amma abin da ya tambaya aka amsa da ƙarya, wannan hujja ce a hannunsa. Ba a ranar karɓar kuɗi yake bincike ba. A ranar biyan diyya ne mai ƙiyasta ɓarna zai zo ya duba tsohon walda da fenti, a kuma tuntuɓi kamfanin baya. Mutum ya biya dubban ɗaruruwa, sannan a ce masa yarjejeniyar ba ta inganta ba tun daga tushe.

Haka abin yake ga wanda ya rubuta motarsa a matsayin ta gida alhali yana kabu-kabu da ita, ko yana ɗaukar fasinja ta manhajar Bolt, ko yana jigilar atamfa daga Kwari zuwa tasha a biya shi. Da wanda ya sa sunan matarsa ko mahaifinsa domin ya ɓoye nasa. Rangwamen da aka samu ta wannan hanya bashi ne da za a biya da tsada.

Jaraba ta biyu ita ce takardar bogi. 'Yan kamasho da ke kewaya wuraren sabunta takardun mota sun daɗe suna haɗa wa mutane "inshora" a kan kuɗin da bai kai farashin hukuma ba, da sunan kamfanonin da ba su da lasisi ko ma babu su. Duk takardar motar gida da aka sayar ƙasa da Naira 15,000 abar tuhuma ce. Tantancewa kuma ba ta da wuya: Ƙungiyar Kamfanonin Inshora ta Najeriya, NIA, tana da rumbun bayanai mai suna NIID, ana danna *565*11# a waya a shigar da lambar mota, ko a duba a shafin askniid.org. Idan motar ba ta fito ba, mai ita takarda kawai yake riƙe da ita.

Hanyoyin da suka rage

Mataki mafi amfani ga mai tabo a tarihinsa shi ne ya bi ta hannun dillalin inshora mai rajista da majalisar dillalai ta NCRIB da lasisin NAICOM. Bambancinsa da wakili shi ne wakili na kamfani ɗaya ne, dillali kuwa wakilin mai mota ne, yana iya kai buƙata ɗaya ga kamfanoni uku ko huɗu ya kwatanta amsoshinsu, kuma a bisa al'ada daga kamfani yake karɓar la'adarsa. Ya kuma san yadda ake gabatar da tarihi. Haɗari uku da aka buge mutum daga baya yana tsaye a danja ba ɗaya suke da haɗari uku na gudun wuce sa'a ba, amma sai da rahoton 'yan sanda da takardun diyyar baya za a iya nuna bambancin. Wanda ya sallami direban da ya jawo masa asara, ko ya sa wa motocinsa na'urar ƙayyade gudu, wadda FRSC ta wajabta wa motocin haya tun 2017, yana da abin faɗa a teburin ciniki.

Daga nan sai sassauta buƙata. Mai mota na iya amincewa da kansa a ɗaga kason da zai biya daga aljihu, a musayar farashi mai sauƙi. Ma'anar haka ita ce ƙananan gyare-gyare nasa ne, kamfani kuma na babbar musiba. A ganina wannan ne ya fi dacewa da mai zirga-zirga a tsakanin Titin Faransa da Kwari, inda ƙwarzane abincin yau da gobe ne: kai wa kamfani kukan madubin gefe da bai wuce 'yan dubbai ba, ɓata tarihi ne a banza. Sai dai a kula, biyan gyara daga aljihu bai ɗauke wajibcin sanar da kamfani ba idan yarjejeniya ta ce a sanar, musamman idan akwai wani da abin ya shafa wanda zai iya tasowa daga baya.

Akwai kuma matsakaiciyar inshora, wadda ta haɗa ta dole da kariya daga sata da gobara, ban da gyaran haɗari. Tunda ba ta ɗauki nauyin ɓarnar da direba zai yi wa motarsa ba, tarihin tuƙinsa bai da nauyi sosai a cikinta. Ga wanda aka rufe wa ƙofar cikakkiyar inshora, wannan wurin fakewa ne na shekara ɗaya ko biyu kafin ya sake gina sunansa. Wanda ya sayi mota da bashin banki kuwa ba shi da wannan zaɓi, domin bankuna kan sharɗanta cikakkiya har sai an gama biya.

Batun takaful

Mutane da yawa a Kano ba tsada ce ta raba su da inshora ba, shakku ne a kan halaccinta. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke a 1985 cewa inshorar kasuwanci da aka saba ba ta halatta ba saboda garari, amma ta taimakekeniya ta halatta. Tun kafin nan, a 1979, aka kafa kamfanin farko mai wannan tsari a Sudan. A Najeriya NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, aka ba Jaiz Takaful da Noor Takaful lasisi a 2016, daga baya wasu suka biyo, ciki har da Salam Takaful mai hedikwata a Kano.

A tsarin takaful, abin da mahalarta suka zuba gudummawa ce a asusu ɗaya, daga ciki ake biyan wanda musiba ta faɗa wa, kamfani kuma wakili ne mai kula da asusun. Idan an samu rara a ƙarshen shekara ana rabawa, kuma bisa al'ada waɗanda ba su nemi diyya ba ne ke amfana. Kada mai mummunan tarihi ya zaci zai samu sassauci a nan don an ambaci addini. Asusun amana ce ta sauran mahalarta, kuma mai kula da shi zai yi irin tambayoyin da kowane kamfani zai yi, farashin NAICOM kuma ya hau kansa kamar kowa. Bambancin shi ne a takaful mai kiyayewa yana ganin sakamakon kiyayewarsa a hannu, abin da inshorar dole ta saba ba ta ba shi.

Idan an samu kamfani

Samun wanda zai karɓe ka rabin aiki ne. Ƙa'idar da NAICOM ta tsaurara tun Janairun 2013 ita ce babu kariya sai an biya kuɗi. Alƙawarin "zan cika gobe" ba ya aiki idan haɗari ya riga goben zuwa. A karanta wa'adin kai rahoto da ke cikin yarjejeniya, domin jinkiri na daga cikin dalilan da kamfanoni ke kafa hujja da su. A wurin haɗari a ɗauki hotuna da lambobin shaidu. Kuma a nan ne al'adarmu ta sulhu ke karo da takarda: yarjejeniyoyi kan hana mai mota amsa laifi ko yin alƙawarin biya ba tare da izinin kamfani ba. Jajanta wa wanda aka buge da kai shi asibiti wajibi ne na mutuntaka. Sa hannu a takardar biyan miliyoyi a ofishin 'yan sanda kafin a kira kamfani kuwa yana iya barin mutum shi kaɗai da bashin.

Sannan a duba lafiyar kamfanin shi kansa. A shekarar 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar gyaran harkar inshora, wadda ta maye gurbin ta 2003 da tsohuwar dokar inshorar motoci, ta kuma ɗaga mafi ƙarancin jarin kamfanin da ke inshorar dukiya, har da motoci, zuwa Naira biliyan 15. Kamfanin da ya yi saurin karɓar wanda kowa ya ƙi, a kan farashin da ya gaza kashi 5 da hukuma ta sa, ya riga ya karya ƙa'ida tun kafin a fara. Jerin kamfanoni da dillalai masu lasisi yana shafin NAICOM, kuma hukumar tana da sashen karɓar ƙorafi ga wanda aka hana diyya ba bisa hujja ba. Mai kai ƙorafi zai buƙaci takardar yarjejeniya, da rasidin biya, da kwafin fom ɗin da ya cike tun farko, da wasiƙar da kamfani ya bayyana dalilin ƙin biya a rubuce.